Rasuwar Malam Sharhabil, Mai Ƙirga Usur

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Zaratan Kurmin Mashi, a madadin iyayenta, shugabanninta, 'yan wasanta da magoya bayanta, tana sanar da jama'a cewa tun daga safiyar Talatar makon jiya babu sauran mutum ɗaya a arewacin kogin Kaduna da ya san sau nawa kowane alƙalin wasa yake busa usur a zango na huɗu. Mutum guda da ya sani, Alhaji Malam Sharhabil Nuraddeen Abakpa, tsohon Mataimakin Darakta a sashen ƙididdiga na gwamnati, kuma Mashawarcin Ƙungiya kan Alƙaluma, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a ranar, kamar yadda addini ya tanada.

Marigayin bai taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba, bai kuma taɓa cewa zai iya ba. Shekara goma sha bakwai yana zuwa fili da kujerarsa mai naɗewa, da littafi, da biro biyu, ja da baƙi, kuma yayin da idon kowa ke bin ƙwallo, nasa idon yana kan mai usur. Daga gare shi muka san cewa akwai alƙalin da usur ɗinsa ke yin sanyi idan wasa ya zo ƙarshe, akwai wanda ba ya ƙyale ɗan wasa ya wuce daƙiƙa uku a ƙarƙashin kwando ko da kakansa ne ya kafa kwandon, akwai kuma wanda idan aka yi masa ƙorafi, sau bakwai cikin goma busa ta gaba a kan mai ƙorafin take sauka. Duk ranar Alhamis yakan miƙa wa mai horar da 'yan wasanmu, Koci Ja'afaru, rabin shafi kan alƙalin da zai busa mana ranar Asabar. Yakan ce alƙali kamar kwaltar fili ne, ba a faɗa da shi, sanin inda yake da santsi ake yi. A duk littattafansa babu layi ɗaya kan garin da alƙali ya fito, ko wanda yake gaisawa da shi bayan wasa. Busa kawai yake rubutawa, da minti, da dalili.

Mai sa hannu a wannan takarda ne ya raɗa masa suna Hukumar Ƙidayar Usur, don a yi dariya, aka kuwa yi. Marigayin ya karɓi sunan ya rubuta shi a bangon kowane littafi da kyakkyawan rubutun ma'aikatan da.

Ba a saba kawo tsohuwar rigima cikin saƙon ta'aziyya ba, amma wannan tana da mai ita, kuma mai ita tana raye. Bara waccan ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni, karo na farko a tarihinta duk da girman sunanta, aka ba Malama Rashida Yalwa busa wasan. Kowa ya san 'yan wasanmu da wata al'ada da suka gada daga na gabansu: idan suna tsare abokin karawa sai su ɗora masa tafin hannu a ƙugu, abin da muke kira hannun gaisuwa, wanda doka ta hana amma yawancin alƙalai suke kawar da kai a kansa. A rabin shafin makon wasan marigayin ya rubuta cewa Malama Rashida ba ta amsa irin wannan gaisuwa, ya ba da shawara a yi atisayen kwana biyu kowane mai tsaro yana riƙe da bayan rigarsa da hannu ɗaya. Kwamitin ƙungiya ya yi dariya, kuma dariyar kakakin ƙungiya, wato mai sa hannu a nan, ce ta fi ƙarfi. Ranar Asabar, uku daga cikin 'yan wasanmu biyar na farko suka cika laifi biyar, aka fitar da su suka koma benci kafin zango na huɗu ya yi nisa, aka ci mu da tazarar maki shida.

Washegari ƙungiya ta rubuta wa masu shirya gasa takardar koke tana zargin alƙaliyar da son kai. Kakaki ne ya tsara ta, kuma ba ya musun cewa ta yi daɗin karantawa. Kowa ya sa hannu ban da marigayin, wanda ya zo taro da littattafai uku ya nemi a ba shi minti goma. Aka sa shi a ƙarƙashin sauran batutuwa, aka yi ta jan batun sabuwar riga har aka kira Magariba, aka rufe taro da addu'a. Haka aka yi masa a taro uku a jere, daga nan bai ƙara nema ba, bai kuma daina zuwa fili ba. Tun daga waccan takardar koke ba a sake ba Malama Rashida busa babban wasa ba.

Ranar addu'ar uku, uwargidansa Hajiya Mero ta sa aka fito mana da kwali mai littattafai arba'in da ɗaya, ta ce ya bar wasiyya a ba kakaki, tunda shi ne mai son karatu. An karanta. A wasa talatin da huɗu da marigayin ya ga Malama Rashida ta busa, ba ta taɓa ƙyale hannu a ƙugu ba, ko na wa ne. Su kansu waɗanda suka ci mu ta fitar musu da 'yan wasa biyu kan wannan laifin a farkon gasar, suka koma gida suka gyara. Mu muka koma gida muka rubuta takarda.

Saboda haka kwamiti, a zamansa na jiya, ya janye wannan koke baki ɗaya, ya aika wa masu shirya gasa shafukan da suka shafi lamarin, yana roƙon a mayar wa Malama Rashida Yalwa usur ɗinta, yana kuma neman afuwarta a bainar jama'a, inda aka ɓata mata suna.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Mero, da 'ya'yansa Injiniya Suhaib da Dakta Aziza, da jikoki, da 'yan'uwa, da al'ummar Abakpa. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ya tarar da nasa littafin a hannun dama. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Minti goma ya nema. Ni na hana, kuma ni ne ban yi daidai ba.

Balarabe Yahaya Katabu
Kakakin Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Zaratan Kurmin Mashi, Kaduna