Littafin da Nake Karanta wa Baba

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kuna lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba ya ƙi yarda a yi masa aikin tiyatar. Jiya likita ya zo da bayaninsa, Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce a'a. Na san ka riga ka yi magana da babban asibiti, har ka nemi motar da za ta ɗauke shi. Shi ya sa na rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya ƙarasa magana.

Ka san Baba da labaran 'yan sanda da ɓarayi, tun yana tuƙa jirgin ƙasa. Da idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa in na tashi daga ofis. Makon jiya na kawo wani littafi mai kauri, wanda aka kashe attajiri a shafin farko. Muna babi na biyu ya ɗaga hannu ya ce in rufe. Ya ce, “Auta, wannan sai a ƙarshe ake sanin mai laifi, ni kuwa ba na son in tafi da tambaya a bakina.” Na taya shi dariya, sannan na fita baranda na daɗe.

Ma'aikaciyar jinyar da yake kira Saje, saboda yadda take tsare shi da magani, ita ta ara mana wani siririn littafi. Yaya, babu abin da ke faruwa a cikinsa. Tsoho ne da matarsa a ɗaki biyu. Suna gardama a kan taga, a buɗe ko a rufe. Tana yanke masa farce. A tsakiyar wani shafi ta rasu, a shafi na gaba yana neman inda take ajiye almakashi. Da ɗan rahoto ne ya kawo mini wannan a gidan jarida, da na mayar masa na ce ya je ya nemo labarin.

Wanzamin da ke gadon kusa ma haka ya gani. Ya ce, “Malama, wai yaushe za a fara?” Baba ya ce, “Kai da kake kwance nan wata guda, me ya faru da kai?” Yanzu wanzamin ne ke cewa in ɗaga murya.

Amfanin littafin na farko, duk inda barci ya ɗauke Baba, babu abin da aka bari a rataye. Na biyun ban yi tsammaninsa ba. Da muka zo wurin almakashin, Baba ya ambaci Mama, abin da bai yi ba tun rasuwarta. Ya ce in jirginsa zai wuce ta bayan gidanmu yakan ja busa, ita kuma ta ɗora masa ruwan wanka. Ka taɓa sanin haka? Ni ban sani ba.

Ba na cewa littafi ne ya sa ya ƙi aikin. Likita ya faɗa a fili: aikin yana iya ƙara masa watanni, yana iya yiwuwa kuma bai farka ba. Ni ma ina son watannin nan, Yaya, kuma wani lokaci ina ganin ya kamata in matsa masa. Amma ina kallon fuskarsa lokacin da ya ce a'a, kuma da hankalinsa ya faɗa.

Roƙona ka dakatar da motar, ka zo da kanka ka ji daga bakinsa. In bayan haka kana nan a kan bakanka, sai ku yi ta ku biyu. Ya tambaye ka yau, ya ce ko har yanzu kana tsoron warin asibiti.

Ka gaishe mini da Anti da yara. Kada ka jira ƙarshen wata. Tun safe ƙafafun Baba suka kumbura, an ɗebi jini don a duba ƙoda. Saje tana zargin ta fara gazawa, amma sakamakon bai fito ba tukuna.

Ƙanwarka,
Auta