Kujerar Giwa

Zuwa ga ƙanena Hedimasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwar 'ya'yanka da yara da jikoki. Yaya ƙafar nan taka mai kumburi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai godiya.

Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda na kira ka a waya na ɗauko magana mai nauyi, sai ka ce ba ka ji na sosai.

Shekara hamsin da takwas ke nan da Baba ya kama hannunka ya kai ka makaranta, ni ya miƙo mini zarto. A daren ranar ka yi mini alkawari duk abin da aka koya maka za ka dawo ka koya mini. Kwana huɗu ka yi, a na biyar ka ce kanka na ciwo. Har yau kan bai warke ba. Tela ya ce in bar tone-tone, na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Ba wannan ya sa na aiko ba. Ka san Gimbiya, 'yar wajen babban ɗana, mai shekara biyar. In an tashe su daga makarantar yara da azahar, shagona ake kawo ta, ta zauna har uwarta ta taso daga aikinta na asibiti da la'asar. Na yi mata ɗan benci a bakin taga, nesa da ƙusoshi. Wata uku da suka wuce makarantarsu ta raba wata takarda mai sunayen littattafan hotuna guda takwas da aka ce sun dace da yara, aka ce wani kwamiti ne ya zaɓa, kuma kai ne shugabansa. Ubanta ya sayo biyar. Ta zo da su a jaka, ta ɗora mini ɗaya a cinya ta ce, Kaka karanta mini. To me zan ce? Na buɗe.

Littafin na wata giwa ne da ta je baƙunta. A shafi na biyu an ba ta kujera. Hedimasta, da ka ga kujerar nan da ka ji kunya. Ƙafafu sirara kamar na zakara, babu sandar da ke riƙe su a tsakiya, ga bayanta a karkace. Da na juya shafi, giwa tana tsaye, kujera ta ɓace, ga wani biri a lungu ya juya fuska ya ɓoye hannu a baya. Sama da shekara hamsin ina sana'ar nan, na san fuskar kafintan da ya yi aiki da ɗanyen katako. Sai na gaya mata abin da ya faru: kujera ta karye, biri ne ya ƙera ta, giwa kuma ta fita nemansa. Kullum sai mun ƙara wani abu. Har kotu muka kai birin.

Ranar Talata malamarsu ta karanta musu littafin a aji. Gimbiya ta miƙe ta ce malama ta tsallake wajen kotu. Kafin a tashi, yara sun bi kujerun ajin suna leƙa ƙarƙashinsu, bakwai sun ƙi zama. Na je na duba kujerun daga baya, yaran sun fi malamar gaskiya, amma ba wanda ya tambaye ni.

Yanzu surukata, uwar Gimbiya, ta kwashe littattafan ta kulle a gida. Ta ce, Baba, don Allah kada ka ga kamar raini ne, malama ta ce kana rikita yarinya. Ta faɗa a durƙushe, da ladabi, amma ta faɗa. Gimbiya na zuwa ta zauna a benci tana wasa da guntayen katako, ba ta ko kallona.

Kai ka zaɓi littafin. A gidan nan in ka yi tari cewa ake ilimi ne. Ka rubuto wa surukata layi ɗaya cewa abin da nake yi ba ya cutar da yarinya.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Yayanka,
Kafinta


Zuwa ga ƙanena Hedimasta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Tunda hannunka lafiya yake har ya iya naɗe ƙunshi, na san ba a kwance kake ba.

Saƙonka ya iso bayan mako uku. Na sa tela ya zazzage ambulan har sau biyu ko wasiƙa ta maƙale. Babu. Sai takardar sunayen littattafan nan dai, wadda muke da ita, da wani ɗan ƙaramin littafi da ke koya wa iyaye yadda ake karanta wa yara. Tela ya karanta mini. Wai a bi kalmomi da yatsa, a faɗe su yadda suke. Ka ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan wurin. Na gode. Ka aiko wa mai ƙafa ɗaya takalmin gudu.

Tunda ka ƙi magana, na ɗauki tela muka rufe shaguna muka tafi kantin littattafai. Na ce da mai kanti ya fito mini da takwas ɗin duka. Na zauna a kan wani kwali, tela ya karanta mini na giwar daga farko har ƙarshe. Ga abin da kwamitinku ya zauna ya zaɓa: Giwa ta zo. Giwa ta zauna. Giwa ta ci ayaba. Giwa ta yi godiya. Giwa ta tafi gida. Na ce ya ci gaba, ya ce ai an gama. Na ce ina kujera? Ya ce ba a ambace ta ba. Ina biri? Shi ma ba a ambace shi ba. Hedimasta, mutum nawa ne a kwamitin nan? Ba wanda ya lura kujera ta ɓace tsakanin shafi biyu? Ku rubutu kawai kuke kallo, yaro kuwa hoto yake kallo.

Sauran ma na duba. Na kifin nan ba laifi, mai zanen ya san ruwa. Na yarinyar da ta ɓatar da takalminta ɗaya yana da kyau ƙwarai, ko ba a karanta ba mutum zai gane, har mai kanti na nuna wa inda takalmin yake tun shafin farko, a bayan tukunyar fure. Wannan ku bar shi a takardarku. Amma na gini, wanda aka jingina tsani da labule, a cire shi kafin wani yaro ya gwada. Na launuka kuwa, ja, shuɗi, kore, shi ke nan, ko gwangwanayen fentina sun fi shi labari. Mai kanti ya ce, Baba, saye za ka yi ko shari'a? Na ce shari'a.

Yanzu ga abin da ke hana ni cin abinci. Surukata ta samo wani darasin yamma kusa da asibitinsu. Daga farkon wata can za a riƙa kai Gimbiya, ba shagona ba. Ɗana ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce ai don ci gabanta ne. Na ce ni ci bayanta ne? Ya ce ba haka yake nufi ba. Da na matsa, surukata ta ce in kai ka ce babu komai, za ta bar mini ita kwana biyu a mako da littattafanta. Ka ji. Shekarata saba'in, sai ƙanena ya sa hannu kafin a ba ni aron jikata.

Akwai abin da ban gaya maka ba a waccan wasiƙar, tela ma sai yau ya ji. Gimbiya ba ta san ban iya karatu ba. In na buɗe littafi sai in sa tabarau, in yi gyaran murya, in riƙa jan yatsa a ƙarƙashin rubutun, yadda na ga kana yi muna yara. Ta ɗauka a ciki nake samo kotun da birin da komai. Ta taɓa gaya wa mai kawo mini katako cewa kakanta ya fi malamarsu iya karatu, don shi littafinsa ba ya ƙarewa da wuri. Ban gyara mata ba. Ka kira shi ƙarya in ka ga dama, amma ka kira shi wani abu a rubuce, in san matsayina.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. A gaida kowa da kowa.

Yayanka, wanda ya goya ka,
Kafinta


Zuwa ga Hedimasta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san kana lafiya, domin ɗana ya ce kun yi waya shekaranjiya, ka ce masa wai maganar tana buƙatar nazari. Da shi kana ji sosai ke nan.

Ranar Asabar Gimbiya ta zo tare da ubanta, ya bar ta ya tafi aski. Ta zaro littafin giwa daga cikin rigarta, ta sato shi daga ɗakin uwarta. Na ji daɗi har na rasa inda zan ajiye guduma. Na sa tabarau na fara, ina jan yatsa. Sai ta riƙe yatsan. Ta ce, Kaka, nan an rubuta giwa, malama ta koya mana. Na ce haka ne. Ta ce to nuna mini inda aka rubuta biri. Na dubi baƙaƙen nan, duk kamar tururuwa, na zaɓi wata na ɗora yatsa. Ta ce wannan ayaba ce. Na ce tabaran ne ya yi ƙura. Ta karɓa ta goge da gefen rigarta ta mayar mini a hanci, ta tsaya tana jira.

Na taɓa yanke kan yatsana da zarto ban yi ƙara ba, kai shaida ne. Amma ranar nan sai da na cire tabaran na ajiye. Na ce mata, Gimbiya, kakanki bai san rubutu ba, hoto kawai yake gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ce, to Kaka, kujerar ta karye ko ba ta karye ba? Na ce ta karye. Ta ce malama ta ce abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ta rufe littafin ta mayar cikin riga. Da ubanta ya dawo ta bi shi, ba ta ce mini sai gobe ba.

Ni ban iya jayayya da takarda ba, amma na iya katako. Na koma kantin nan na sa mai kanti ya buɗe mini shafin, na auna kujerar da idona, na dawo na ƙera ta daidai yadda aka zana. Ƙafafu sirara, babu sandar tsakiya, baya a karkace. Ban yi mata ha'inci ba, busasshen katako mai kyau na sa, don kada a ce na haɗa baki da biri. Tunda nake ban taɓa yin mugun aiki da gangan ba sai wannan, har na rufe ta da buhu kada masu wucewa su ce na tsufa. Tela ya ce na haukace. Na ce ya zauna a kai, ya ce shi yana da iyali.

Ranar Litinin za a fara kai ta darasin yamma. Kwana biyun da surukata ta yi mini alkawari suna nan a bakinka. Ba na cewa kada ta koyi karatu. Ta koya, ta wuce ka ma, ta zo ta karanta mini wasiƙunka in ka taɓa rubutowa. Abin da ba zan yarda ba shi ne ta girma tana cewa kakanta ya yi wata uku yana yi mata ƙarya, alhali abin yana nan a zane, kowa na iya gani.

Saboda haka ka saurara. Ranar Juma'a zan shigo motar safe, ni da kujera da Gimbiya, ubanta ya yarda don ya gaji da ni. Giwa dai ba mu da ita, amma ganina da kai na ƙarshe kana cika kujerar gaban mota kai kaɗai, kuma an ce ka ƙara. Zan ajiye ta a tsakiyar falonka, a gaban yarinya. In ta ɗauke ka, zan ce da Gimbiya malama ta yi gaskiya, in dawo shagona in rufe bakina, ba za ka sake ganin takardata ba. In kuwa kana tausayin ƙugunka da ƙafarka mai kumburi, to ka ɗauki jan biron nan naka ka rubuta wa surukata layi ɗaya kafin ranar.

Tela ya ce in rufe da addu'a. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, da gaske nake. Amma ka amsa mini, Hedimasta. Ko ka rubuto, ko ka zauna.

Yayanka,
Kafinta