Rashad Ya Sunkuyar da Kai

Al Aziziya, Doha
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Abdul-Razak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fausatu da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Amurka? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya jiƙan mahaifinka, ƙanena da ban taɓa zaton zai riga ni tafiya ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanwarka, 'yata Ikhlas, tana lafiya, sai dai aikin asibiti ya cinye ta. Tana fita ban idar da lazimi ba, ta dawo a gajiye ta duba ko na sha magani. Ni kuma jiki sai a hankali. Daga ɗaki zuwa falo yanzu tafiya ce, sai na huta a hanya. Tun da matata Atine ta rasu gidan nan ya yi mini faɗi, ba abin da nake ji yini guda sai kukan na'urar sanyaya ɗaki. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun rawa yake yi. Da malamanmu na makarantar horon malamai sun ga layukan nan, da sun sa ni na sake tun daga farko. Na fi so in rubuta in ɗauki hotonta in turo maka, don a waya numfashi yake yanke mini kafin in kai ƙarshen magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Rashad, ɗan Ikhlas. Ka san shekara uku ke nan yana karatun injiniya a jami'ar nan da ka ce tafiyar awa huɗu ce daga garinku, kuma ƙwallo ce ta ba shi gurbin karatun kyauta. Har yau ban gane wasan nan nasu ba, ƙwallo mai kama da gwanda, ƙarti suna ta kokawa a kanta. Shi dai aikinsa ɗaya ne: ya shigo ya buge ta ta wuce tsakanin ƙarafa biyu, ya fita. Ƙafar da ya horar a filayen da ke bayan gidan nan, wajen cibiyar wasanni ta Aspire, ita suka gani suka ɗauke shi. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya kira ni, tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Ya ce an sallami kocin da ya ɗauke shi, an kawo sabo. Sabon ya zo da yaran da yake so, ga wasu da ya yi wa alkawari daga makarantun sakandare, guraben kuwa ƙidayayyu ne, wani ba ya shiga sai wani ya fita. Shi ne yake kiran tsofaffin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ofishinsa. Da aka zo kan Rashad, mutumin ya ce masa ba ya cikin lissafinsa na baɗi, gara ya sa hannu a wata takarda da ke cewa shi da kansa ya ajiye gurbin, ya nemi wata makaranta. Ya ba shi zuwa ranar Litinin mai zuwa. Abokin ɗakinsa ma an faɗa masa haka, amma shi ya tsaya ya tambayi dalili, ya ce a gwada shi da sabon yaron a fili a gani, kuma aka ƙyale shi. Na tambayi Rashad shi me ya ce. Ya ce bai ce komai ba. Ya tsaya ne hannu a baya, ido a ƙasa, har mutumin ya gama. A ƙarshe kocin ya ce masa yaron da ya kasa duban idonsa a ofis, ta yaya zai tsaya gaban mutum dubu hamsin ya buga ƙwallon da za ta raba gardama? Ya miƙa masa takardar, shi kuma ya karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Abdul-Razak, tun ranar abinci ya ƙi shiga mini, domin na san inda yaron nan ya koyi wannan tsayuwar. Ni na koya masa. Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu, a hannuna ya tashi a Zariya kafin Ikhlas ta sami aiki ta kwaso mu nan. Ni ne na ce masa ba a haɗa ido da babba, ba a mayar masa da magana, ana rusunawa a karɓi abu da hannu biyu. Ina tuna ranar da na ranƙwashe shi gaban baƙi don ya ƙura wa wani dattijo ido, Atine ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, kuma ban taɓa alfahari da ɗalibi kamar yadda na yi da shi ba. A masallacin unguwar nan Larabawa kan riƙe hannuna su ce ba su ga yaro mai ladabi irinsa ba, ni kuma in ji kaina ya yi girma. Ban taɓa tunanin zan tura shi ƙasar da za a kalli ladabin nan a ce tsoro ne, a kalli shirunsa a ce ya yarda ba.

A wayar nan ta Lahadi, da yake ta bidiyo ce muna ganin juna, na ce masa ya ɗauka ni ne kocin, ya dube ni ya ce ba zai sa hannu ba. Ya ɗaga kai, idonsa ya kai gemuna ya koma ƙasa. Na ce ya sake. Ya sake, ya yi dariya, daga nan ya sa bayan hannu ya share ido, ya ce in yi haƙuri ba zai iya ba. Ƙato ne fa yanzu, ya fi ka tsawo.

Ya roƙe ni kada in gaya wa mahaifiyarsa, kuma har yanzu ban faɗa ba. Jiya ma ina jin ta a waya tana gaya wa wata abokiyar aikinta cewa baɗi za ta ɗauki hutu ta je bikin kammala karatunsa. Na juya fuska bango. Idan ya sa hannu, karatun ya tsaya, ina tsoron takardar zamansa ma ta bi baya, kuma wace makaranta ce za ta ɗauki mai saura shekara ɗaya? Mutum ɗaya na buɗe wa cikina, Malam Sherif, dattijon Kumasi da ke kai ni likita a motarsa. Ya ce shekararsa ashirin a ƙasar nan, ya ga takardu iri-iri a hannun kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo kan izinin zama, kuma duk wadda aka tsaya a kansa aka ce ya yi maza ya sa hannu, daga baya sai ya gane ba don shi aka rubuta ta ba. Shi ma Rashad ya ji ana cewa in mutum bai sa hannu ba, sai sun rubuta dalilinsu, kuma akwai inda ake kai ƙara a cikin makarantar. Ban san gaskiyar wannan ba, kai ka fi mu sanin dokokinsu.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah da zumunci, ka je wurinsa kafin Litinin. Na san kana da aiki da iyali, ban kuma taɓa ɗora maka nauyi ba sai yau. Ka karanta takardar da idonka. Ka raka shi ofishin nan, ka zauna kusa da shi. Ba faɗa na aike ka ba, kada kuma ka yi maganar a madadinsa, domin in kai ka yi, mutumin zai ce ga abin da yake faɗa. Shi zai yi da bakinsa. Ni in na faɗa masa ba ya iya duban fuskata balle ya ji, amma kai ka gaya masa saƙona ne. Ka ce kakansa ya ce ya yi masa izini. Ya ɗaga kai, ya dubi mutumin nan cikin ido, ya ce a gwada shi a fili. In akwai laifin rashin kunya a ciki, a wuyana yake, ni zan amsa shi.

Ka gaishe mini da Fausatu ƙwarai, da su Basiratu da Rafiu, ka ce kakansu yana sa musu albarka. In ka yi waya da gwaggonka a Zariya ka isar da gaisuwata, amma kada ka taɓa mata wannan zance. Wayata tana kusa da ni a kan darduma, na ƙure mata ƙara don kada in rasa kiranka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.

Wassalam. Ni ne baffanka,
Malam Mijinyawa

In ya ɗaga kan, ka gaya mini tun kafin ka gaya mini abin da kocin ya ce.