Sunan Sumie a Kwalba Ɗari Uku

27 ga Mayu

Chizuru 'yata,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutse, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Noboru da tukunyar jan ƙarfen nan ta dafa barasa da kika fi so a kanmu duka. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki ta taga ya bar makaranta.

Na ga saƙonki kan barkonon sansho da za ki sa a barasar jin ɗinki ta bana. To, itatuwa huɗun da marigayiya uwarki ta bari sun ɗan yi rowa. Birai ne. Sun sauko da iyalansu kamar an aika musu katin biki. Amma kada ki damu, kilo biyunki za su iso Kyoto tun suna kore, kafin ƙwayar ta yi tauri, ko da zan bi biran har gida in karɓo.

Yaya 'yar taɓaryar da na sassaƙa miki lokacin sanyi? Tana daka riɗi yadda ya kamata?

Ubanki,
Tokuji

20 ga Yuni

Chizuru,

Bayan gaisuwa, ina fata ruwan saman nan bai sa miki mura ba. Nan har silifas ɗina sun yi funfuna.

Tun da kika buga waya ban ci abincin kirki ba. Kin ce da kika buɗe kwalin sanshon kika shaƙa, sai kika zauna a ƙasa kina kuka, wai ƙanshin hannun Mama ne sak. Na yi shiru ne saboda layin ba shi da kyau.

Batun sa wa barasar jin ɗin sunan uwarki, Sumie, da rubuta a jikin kwalba cewa daga itatuwanta ne: anya kuwa? Uwarki mace ce mai kunya, ko hoto sai an kama ta. Ki sa masa Tokuji mana. Abu mai ɗaci, mai sa mutum surutun banza, ai ni ya ɗebo. Ko ki bar shi ba suna. Ki dai yi tunani kafin ki kai wa masu buga takarda.

Ki gaida Noboru.

Ubanki

9 ga Yuli

'Yata,

Ina gaisuwa, in za ki amsa bayan kin karanta. Ki zauna tukuna.

Hoton kwalaben ya iso, da sunan uwarki da rubutun hannunta da kika ciro daga tsohon littafin girkinta. Na ajiye shi a gaban hotonta, na kunna turare, sai na kasa ɗaga ido.

Babu wasu birai. Ni ne birin.

Kin tuna itace na biyar, wanda ke bayan rumfar itacen wuta? Shekara arba'in ina tuƙa motar katako ina wuce shi, ban taɓa ganin ɗa ko ɗaya a jikinsa ba. Lambu na uwarki ne, ni ban taɓa tambaya ba. A watan Fabrairu na ce wannan malalacin ya ci ƙasa ya isa. Kowa ya san babu taɓarya kamar ta itacen sansho, sai na sare shi. Shi ne a kicin ɗinki yanzu.

Da bazara sauran huɗun suka yi fure, furen ya kaɗe, ko ƙwaya babu. Na gangara wurin maƙwabciyarmu tsohuwa Otane na faɗa mata. Ta ajiye kwandonta ta dube ni tun daga ƙafa.

"Toku, wanne ka sare?"

"Wanda ba ya haihuwa."

"Kai ka taɓa haihuwa? Namijin ke nan, sakarai! Daga furensa ƙudan zuma ke kai wa matan. Gidanku shi kaɗai ya rage a saman kwarin nan, ina za su samo wani? Sumie ta yi haƙuri da maza biyu marasa amfanin gani a gidan nan, ka sare mai aikin."

Na yi dariya, don ban san me zan yi da fuskata ba. Daga nan na hau ƙaramar motata na tafi kasuwar manoma ta bakin kogi, na sayo kilo biyu a hannun wani mutum da ko sunansa ban tambaya ba. Na juye a tsohon kwalin uwarki, na naɗe da jarida yadda take yi. Abin da kika shaƙa kika yi kuka ke nan.

Sansho ne mai kyau, ban cuce ki a ɗanɗano ba. Amma abin da kika rubuta a kwalba ƙarya ce, kuma ƙaryata ce, ba taki ba. Kada ki sayar da ko ɗaya a haka. Na tsoraci ki ce ubanki ya lalata abu ɗaya da ta bar miki, sai na je na lalata na biyu.

Tokuji, wanda bai cancanci ya rubuta "ubanki" ba yau

4 ga Agusta

Chizuru,

Gaisuwa, da fatan zafin Kyoto bai gasa ku ba. Sati uku ba waya, na kuma san dalili.

Noboru ya kawo akwatunan kwalaben ranar Lahadi, ashirin da biyar cif, kwalba ɗari uku. Yaron kirki, ya rusuna kamar ni aka yi wa laifi. Da na matsa masa ya ce kantin Osaka da ke sayen jin ɗinki ya janye rabin odarsa, tunda labarin itatuwan suka so saya. Ya ce ke da kanki kika buga musu waya kika faɗa. Na tambaya ko kin ba da saƙo. Ya miƙo 'yar takardarki: "A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɓare. Ban da wuƙa."

To, ina ɓare takardun jikin kwalaben. Na kai ɗari da tamanin da shida. Mai gam ɗin nan ya yi aikinsa da gaskiya, ya fi ni. Kowace sai na shimfiɗa tsumma a kan sunanta, in jira tawadar ta jiƙe, sannan in murje da babban yatsa. Otane ta hawo jiya da wani siririn reshen namiji a tukunya, ta ce shekara uku ko huɗu kafin ya yi fure, in na kai. Na ce ta taya ni ɓara. Ta ce, "Ni na sare?"

Ranar sha uku ga wata zan kunna wutar tarbar magabata a ƙofar gida, kamar kowace shekara. Uwarki za ta zo, kuma kin san ta, lambu za ta fara zagayawa kafin ta shigo. Na share ɗakinki, na shanya katifa. Ban ce ki yafe ba, ban ce ki yi mini magana ba. Ki dai zo ki tsaya a gefe. Shekara arba'in ban taɓa iya yi mata bayani ni kaɗai ba.

Ubanki,
Tokuji