Wa Zai Kira Keziya a Majalisa?

Daga ƙauye, bayan Kachia

'Yata Keziya,

Salama cikin sunan Ubangiji. Mamanki tana gaishe ki. Wata huɗu ke nan ina manne da rediyo duk ranar da Majalisar Jiha ta zauna, ko tarinki ban ji ba. Mun zaɓe ki ne ki ɗumama kujera? Gadar katakonmu ta ƙara rubewa. Jiya maƙwabciyarmu Faustina ta faɗa rafi da buhun citta, da ƙyar aka ciro ta. Damina ta kusa, raina a ɓace yake.

Babanki,
Dogara

Kaduna

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Labarin Faustina ya sa ni kuka. Ƙudurin gadar yana jakata tun makon farko. Amma kai ka koya mini cewa a taronmu ƙarami ba ya buɗe baki sai dattijo ya kira sunansa. Kullum ina zaune ina kallon Kakakin Majalisa, shi kuwa ko sunan ƙabilarmu bai taɓa ji ba. Nan kowa zumbur yake miƙewa, har da wanda na girma. Ni kunya ta hana ni, kada a ce ba ka yi mini tarbiyya ba.

'Yarka,
Keziya

Keziya,

Salama. Na karanta wa dattawa wasiƙarki a ƙarƙashin mangwaron coci. Dattijo Silvanus ya yi dariya har ya ƙware, ni kam ban yi ba, don laifina ne. Mu 'yan kaɗan ne, 'yata. In muka jira a tuna da mu, sai mu tsufa a bakin rafi. Tunda babu dattijonki a can, mun zauna yadda aka saba, ni ne babba, na kuma kira: Keziya 'yar Dogara, tashi ki yi magana.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na tashi ranar Talata, na gabatar da ƙudurin gadar. Wani Honorabul Jamiluddeen, wanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ya goyi bayana. Kwamitin ayyuka zai zo ƙauye duba gadar ranar Alhamis. Don Allah kada kowa ya gyara katako ko ɗaya saboda baƙi. Da ƙafarsu za su haye, ni ce a gaba.

'Yarka,
Keziya