Kindirmo Babu Gyara

Litinin, 6 ga Maris, 2023
Yau ma kindirmon Olena ya yi kwantai. Matar ɗana Sagir, wadda ya taho da ita daga Yukren da yaƙi ya tashi. Can mai haɗa magani ce a asibiti, nan an ce sai ta sake jarrabawa. Shi kuma aiki shiru. Kindirmon nan ne ke riƙe da ɗakinsu. Ni dai ban sa mata baki ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Laraba maƙwabciya ta fasa ƙwai. "Hajiya, surukarki ba ta yin gyara. Ta ɗora a sikeli, ta miƙo, ko ɗigo." Na ce ba ruwana. Amma a Daura a sayar da nono babu gyara? Ai mata sun ɗauka raina su take yi.

Asabar, 18 ga Maris
Yayar Olena da ke Poland ta samo mata aikin wanke-wanke a otal. Da digirinta. Sagir ya ce in salla ta zo kasuwa ba ta buɗe ba, tafiya za su yi. Har da Khairat, jikar da ba ta barci sai a bayana. Tsoro nake ji, wallahi.

Talata, 21 ga Maris
Na sa Sagir ya yi mata bayanin gyara. Ta ce wai a aikin magani ba a ƙara wa awo, ƙari ha'inci ne. Taurin kai. Na so in kira ta da kaina, girma ya hana.

Juma'a, 24 ga Maris
Azumi na biyu. Na hango ta tana zubar da wanda ya yi tsami a kwata, hawaye na zuba, ba sauti.

Lahadi, 26 ga Maris
Bayan la'asar na ja tabarma kusa da ita. Ta auna wa Laraba, na karɓi kwanon na ƙara rabin ludayi. Ta zuba min ido, na zuba mata. Da mai saye ta biyu ta zo, da kanta ta miƙo min ludayin.

Kindirmon bai ƙare ba, amma ya ragu. Maganar Poland tana nan.

Wata baƙuwa ta ce, "Nan ne gidan kindirmon Baturiya?" Sai na ji bakina ya ce, "Na 'yata ne."

Don Khairat nake yi, ba wani abu ba.