Shimfiɗar Karas

Zabrody, 6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Lidia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ɗana Arek, mijinki, ya sa ya huta.

Kin san kunnena ya mutu, waya ba ta yi mini komai sai walƙiya, shi ya sa na ɗauki biro. Mun yi addu'ar arba'in ranar Asabar. Coci ya cika, na yi ta duban ƙofa ban gan ki ba. Ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba.

Maganar macijin mijinki ce ta sa na rubuto. Ranar da kika kawo shi cikin akwatinsa na gilashi, kika ce mahaifiyarki ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da shi ba, na karɓa ne don ba yadda zan yi. Tun tasowata fartanya ce tsakanina da maciji. Yau ga ni da furfurata ina ciro ɓera daga firji, ina jiƙa shi a ruwan ɗumi, ina miƙa wa wani. Wai Karas! Ɗana ya rasa sunan da zai sa wa maciji sai na kayan miya, ko da yake in an dubi launin jikinsa bai yi ƙarya ba.

To, mun saba. In na shigo daga shago yakan leƙo ya dube ni, ni ma in dube shi. Gidan ba kowa sai mu biyu.

Buhun dusar katakon da kika bari ya ƙare. Na ce ina kafinta in shiga mota zuwa birni sayen dusa? Ai abin kunya ne. Sai na zuba masa tawa, mai tsabta, mai ƙamshi. Amma tun daga nan ya ƙi abinci. Yana ɗaga kai sama, baki a buɗe. Maƙwabciyata Wiera, wadda ta fi ni kunne ta kuma fi kowa baki, ta ce yana fito kamar buta a kan wuta. "Bazyli, wannan igiyar taka mura take yi, ka dafa mata shayi da zuma," in ji ta. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Ki gaya mini abin da Arek yake yi in haka ta faru. Na aiko miki da busassun naman kaza.

Ki huta lafiya.
Babanki, Bazyli

Białystok, 9 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma.

Na buga wa Wiera waya ta faɗa muku da ƙarfi, na kuma rubuta don kada ku ce ba ku ji ba. Dusar wane itace kuka zuba masa? In ta sosna ce, don Allah ku kwashe ta yau. Ƙamshin nan da kuke yabo ƙaron itacen ne, shi yake ƙona masa huhu. Mu muna shiga ɗakin mu fita, shi kuwa hancinsa na cikinta dare da rana. Ku wanke akwatin, ku shimfiɗa masa tsofaffin jaridu kafin a samo dusar da ta dace, ku bar fitilar ɗuminsa a kunne, ku kai shi wurin likitan dabbobi a Hajnówka.

Wadda na bar muku ta osika ce. Ita kaɗai Arek yake saya, don ba ta da ƙaro, ba ta da ƙura, kuma Karas yana son kutsawa cikinta ya ɓuya. Ranar da na yi kuskuren sayo wata, Arek bai ko zauna ba, ya koma da ita kanti. Ya ce, "Lidka, ni ki ba ni abin da kika ga dama in ci, amma shimfiɗar wannan bawan Allah a bar mini."

Maganar arba'in, ku yi mini haƙuri. Ba yanzu ba.

'Yarku, Lidia

Zabrody, 13 ga Oktoba

'Yata Lidia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wiera ta isar da saƙonki, har na ƙarshen layi sun ji.

Ta sosna ce. Ban kwashe ba, kuma ya kamata ki san dalili.

Kin san ni na yi akwatin gawar Arek da hannuna. Ku mutanen birni saye kuke yi, ba ku san abin da ke biyo baya ba. A nan dusar akwatin gawa ba a ƙona ta, don an ce mamaci zai ji zafin wutar a inda yake. Ba a zubar da ita a juji, ba a shimfiɗa wa kaji. Da ita ake cika matashin da za a sa masa a ƙarƙashin kai, abin da ya rage kuma a kai rafi ruwa ya tafi da shi. Na cika matashin. Ragowar na ɗaure a buhu, na ce gobe zan kai rafinmu Narew. Goben nan ta ƙi zuwa. Kullum in na ɗaga buhun sai in mayar da shi in ajiye.

Da dusarki ta ƙare, na dubi buhun ragowar nan, na dubi macijin, na ce ga abin da ɗana yake so, bari ya kwanta a kan abin da ɗana ya kwanta. Ranar na samu barci. Yanzu ki ce in kwashe in sa jarida? Jaridar da ake naɗe kifi?

Sannan osika. Da na san ita ce a buhun da kika kawo, da bai ƙetare ƙofata ba. Ki tambayi kowane tsoho, a jikinta Yahuza ya rataye kansa bayan ya sayar da Ubangijinsa, shi ya sa ganyenta ke karkarwa ko babu iska. Ubana bai taɓa sa mata zarto ba, ni ma haka. Ba a yin giciye da ita, ba a yin gadon jariri. Gidan da aka fitar da gawa kwanan nan, in shigo da ita?

Wiera ta ce, "Kai da taurin kai! Wata guda tana cikin ɗakinka ba ka sani ba, rufi ya faɗo maka?" Na ce ta je ta ji da tukunyarta. Ta ce, "Tukunyata lafiya lau take numfashi."

Na buɗe wa Karas taga da rana. Jiya na ga kumfa a bakinsa. Raina a ɓace yake, 'yata, ban san inda zan sa kaina ba.

Allah ya yi miki albarka.
Bazyli

Białystok, 16 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarku a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Wallahi ban sani ba. Na ga matashin a ƙarƙashin kansa ranar, ban tambayi abin da ke ciki ba.

Ba zan yi musu da ku a kan Yahuza ba, kun fi ni sanin itace, kun fi ni sanin addini. Abin da na sani ɗaya ne. Ni na zauna kusa da Arek a asibiti lokacin da huhunsa ya cika. Ku ba ku ji ba, Baba, kunnenku ya yi muku rana. Ni na ji. Yana jan numfashi yana fito, yana ɗaga kai yana neman iska, ina riƙe da hannunsa ba abin da zan iya. Har yau in buta ta tafasa fita nake yi daga kicin. Shi ya sa ban zo arba'in ba. Na sa kaya, na je tasha, na dawo.

Na Arek ba yadda muka iya. Wannan kuwa hannu biyu da tsintsiya ne kawai. Kuna son ya kwanta a kan abin da ɗanku ya kwanta, na gane, amma Baba, Arek kwanciyar da ba tashi ya yi a kanta.

Akwai wani abokinsa a nan mai kiwon macizai, ya ce zai karɓe shi. In ba za ku iya ba, ba zan ga laifinku ba. Zan zo ranar Lahadi ta sama in ɗauke shi, in har ya kai. Ba na so. Ina son in san akwai wani abu na Arek da yake da rai a gidan da aka haife shi, in samu dalilin hawa motar Zabrody. Amma gara ya rayu a hannun bare.

Ku gafarce ni in na yi tsauri.

'Yarku, Lidia

Zabrody, 20 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa.

Na kwashe. Da hannu na tsince ta har ta lungun gilashi, na ɗaure, na kai Narew da safe. Ruwa ya tafi da ita a hankali. Na tsaya har na daina gani. Ya fi mini ranar jana'iza ciwo, don ranar akwai mutane.

Daga can na wuce wurin masu yankan katako na sayi busasshen allon osika. Ba wanda na ba ya ɗauko mini. Wiera ta gan ni da shi a kafaɗa ta yi alamar giciye, ni ma na yi. Na kankare shi da kaina, dusar ta fito fara, ba ƙamshi. In akwai alhaki yana wuyana.

Na kai Karas wurin likita, ta ce ya zauna a kan jarida tukuna sai ya warke, dusar tana jiransa a buhu. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Bai ci ba har yanzu, amma Wiera ta ce fiton ya ragu. Akwai allurar da za a riƙa yi masa a gida, kuma sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya soka. Wiera ta ce ko da kuɗi ba ta taɓa shi. Ni kuma ni kaɗai ne.

Kada ki jira Lahadi, kuma kada ki zo da abokin nan. Ki zo ki riƙe mini shi.

Babanki, Bazyli